Babi na Shida: Roba Mai Kaushi da Fenti Mai Santsi

Duk wanda ya saba bin titunan Kano ko Kaduna ya san motar nan Pontiac Vibe. An ƙera ta a garin Fremont na jihar Kalifoniya a Amurka daga 2002 zuwa 2009, a wata masana'anta ta haɗin gwiwar General Motors da Toyota, kuma injin Corolla ne a cikin mafi yawansu, shi ya sa makanikanmu ba su sha wahalar sabawa da ita ba. In ka haɗu da ita, dube ta daga ƙasa. Jikin yana ƙyalli, ja ko baƙi ko ruwan azurfa, amma daga bamba zuwa bakin tayoyi zuwa gindin ƙofofi akwai wata roba mai kaushi da ta zagaye motar kamar ɗamara. Ranar da ta fito daga kamfani launin toka mai duhu gare ta. Bayan shekaru a ƙarƙashin ranarmu sai ta koɗe ta yi furu-furu, kamar ƙafar yaron da bai shafa mai ba da hunturu.

Mai motar yakan kai ta gareji ya ce da mai fenti: “Malam, robar nan ce ta sa motata ta yi kama da tsohuwa. So nake a mayar da ita kalar jiki, ta yi sumul kamar bonet.” Amsa iri biyu yake samu. Wani zai ce, “Alhaji, dawo bayan la'asar.” Wani kuma zai durƙusa ya shafa robar da tafin hannu, ya kankare ta da farce, ya leƙa bayanta, sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, ka ba ni mako guda.” Na farkon ya fi araha kuma ya fi daɗin ji. Ranar da aka karɓi motar da wuya a bambanta aikin mutanen biyu. Sai bayan wata uku, ranar da yaron wankin mota ya saita ruwa mai ƙarfi a bakin bamba, fentin ya tashi falle guda kamar ɓawon dafaffen dankali, sannan ake gane wanda ya san roba.

Wannan babi bayani ne kan abin da na biyun yake yi a cikin makon nan.

Yadda roba ta hau mota

Waɗanda suka ga zamanin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, sun san bamba ta ƙarfe mai walƙiya. In ta lanƙwashe a buga ta da guduma ta miƙe. Tun a wancan lokaci kuwa roba ta fara kutsowa a wasu ƙasashe. A 1968 kamfanin Pontiac ya fito da GTO mai hancin roba da aka yi wa fenti kalar jiki, har ana tallarta a talabijin ana dukan hancin da babbar guduma bai lotsa ba. A 1972 Renault 5 ta fito a Faransa da bamba ta roba gaba da baya, sauran kamfanonin Turai suka bi sahu.

Robar da ta mamaye wannan fage daga baya ita ce folifurofilin, wadda ake taƙaitawa da haruffa biyu, PP. Wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Giulio Natta, ya samar da ita a 1954, yana ɗorawa kan binciken Bajamushe Karl Ziegler. An fara sarrafa ta don kasuwa a 1957, kuma su biyun suka raba kyautar Nobel a 1963. Yau babu gidan da ba ta shiga ba, domin ita ce kujerar roba ta gidan biki, ita ce buhun taki da na shinkafa. Masu ƙera mota sun so ta saboda ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, tana da araha, kuma in an gauraya ta da wata roba mai talewa takan lotsa ta dawo ba tare da ta fashe ba. Wannan gaurayen shi ake kira TPO, kuma shi ne mafi yawan bamba da robobin gefen mota a yau.

Kaushin da ake gani da gangan aka yi shi. Ana narka robar a tura ta cikin wani mazubi na ƙarfe, wanda aka riga aka ci fuskarsa da asid har ta yi ƙananan ramuka. Duk abin da ya fito daga mazubin yana ɗauke da wannan zane, wani kamar yashi, wani kamar fatar akuya da ta fito daga hannun majemi. Zanen yana ɓoye tabon da narkakkiyar roba ke bari in ta huce, yana ɓoye ƙarzanar tsakuwa da ta ƙaya, kuma yana raba kamfani da kuɗin fenti, tunda launin a cikin robar yake. Wanda ya ce zai mayar da ita sumul, to ya san cewa abu biyu zai warware waɗanda injiniyoyi suka ƙulla da niyya: an yi ta da kaushi, kuma an yi ta ba don a yi mata fenti ba.

Abin da ya sa fenti ba ya zama

Zuba ruwa a kan ganyen gwaza ka gani. Ba ya jiƙa ganyen, sai ya dunƙule ya gangare. Haka fenti yake ji a kan PP. A wajen masana sinadarai wannan roba 'yar uwar kakin kyandir ce, fuskarta ba ta jan komai, shi ya sa rubutun alƙalami ba ya daɗewa a kan kujerar roba, gam ma ba ya riƙe ta. Ƙarfe da aka goge yana kama fenti da kansa. Roba kuwa fentin yana kwanciya ne kawai a kanta ya bushe, kamar mayafi a kan gado. A masana'anta sukan bi fuskar bamba da harshen wuta na ɗan lokaci ƙanƙane, ko su fesa mata wani sinadari na musamman, kafin fenti ya taɓa ta.

Bayan halin robar kanta akwai abin da aka shafa mata. Sabuwa tana zuwa da maiƙon da ake sa wa mazubi don kada ta manne, kuma wani ɓangare na maiƙon ya shige cikin naman robar. Tsohuwa kuma ta sha man ƙyalli a wajen masu wankin mota, wanda galibi silikon ne, wasu ma har baƙin mai ko man birki suke goga mata don ta yi duhu. Duk wannan yana taruwa a cikin ramukan kaushin. Ɗigon silikon da ido ba ya gani ya isa ya sa fenti ya dare ya bar ƙananan ramuka masu kama da idon kifi.

Sai kuma motsi. Roba tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi fiye da ƙarfe ninki-ba-ninki. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, baƙar roba takan yi zafin da ba a iya ɗora mata hannu da rana, sannan ta huce da dare. Kullum tana cikin wannan numfashi. In abin da aka shimfiɗa a kanta busasshe ne mai tauri, ba zai iya bin ta ba, sai ya tsattsage.

Tambayi robar sunanta

Mataki na farko shi ne a cire ta daga jikin motar. Masu gaggawa sukan liƙa takarda a gefe su fesa a inda take, amma daga baki fenti yake fara ɗayewa, kuma bakin da ke manne da ƙarfe ba ya samun wanki ko sanfefa. A cire a hankali, domin maƙalan roba da suka sha rana karyewa suke yi, kuma yana da kyau a sayo sababbi a ajiye tun kafin a fara. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba su da wuyar samu.

In an cire sai a juya bayanta. Kusan kowace roba ta mota tana da tambarin haruffa a tsakanin alamu biyu masu kama da bakin kibiya. In ka ga PP, ko PP+EPDM, ko TPO, to ka haɗu da mai ƙin fenti. In ka ga ABS, wadda aka fi yi wa murfin madubi da ragar gaba, ita tana karɓar fenti cikin sauƙi, amma tina mai ƙarfi tana cin ta har ta yi laushi ta tsage. PUR kuma ita ce mai taushi da ake samu a bambar wasu tsofaffin motoci, launin cikinta rawaya-rawaya.

In tambarin ya goge akwai gwaji biyu da kowane yaron gareji zai iya. A yanko ɗan ƙanƙanen yanki daga ɓoyayyen wuri a jefa a kofin ruwa. PP ta fi ruwa rashin nauyi, saboda haka takan taso, ABS kuwa nitsewa take yi. Sai dai wadda aka cika wa garin dutse don ta yi ƙarfi tana iya nitsewa ko da PP ce, don haka a haɗa da gwaji na biyu: a goga sanfefa a bayanta. In ta yi gari kamar alli, mai karɓar fenti ce. In ta yi gashi-gashi tana damewa kamar kaki, sai an bi da ita ta doguwar hanya.

Wanki kafin komai

Kuskuren da ya fi yawa a garejinmu shi ne a fara da sanfefa. Wanda ya goge roba mai maiƙo ya tura maiƙon ne cikin sababbin ƙarzanar da ya yi, daga nan kuma babu sabulun da zai fitar da shi. Saboda haka wanki ne farko. Ruwan ɗumi, sabulun wanke-wanke wanda ba shi da man ƙyalli, da burushi mai ɗan tauri da zai shiga ramukan. A wanke gaba da baya, domin hannun da ya taɓa bayan zai dawo ya taɓa gaban. A ɗauraye, a sake, har sau uku in robar ta sha mai.

Ruwan da kansa zai ba da labari. In an watsa shi ya shimfiɗu ya jiƙa ko'ina, an kusa. In yana dunƙulewa yana gudu, da saura. Bayan ta bushe sai a bi ta da abin goge roba da masu sayar da fenti ke sayarwa, ko sifirit, da tsumma biyu: ɗaya ya jiƙa, ɗaya ya kwashe tun bai bushe ba, kuma ana gogawa ta fuska ɗaya. Fetur ba ya wannan aiki, domin shi ma yana barin nasa maiƙon.

Kamfanonin fenti suna ba da shawarar a gasa sabuwar roba a zafin digiri 60 na rabin awa zuwa awa guda, don maiƙon da ke ciki ya tsattsafo a goge shi. A nan Allah ya hutar da mu. Wanda ba shi da ɗakin gashi ya shanya ta a rana daga hantsi zuwa azahar, a tallafe ta da kyau don kada ta lanƙwashe, sannan ya sake wanke ta. Gara maiƙon ya fito yau da ya fito bayan an rufe shi da fenti.

Tudu da kwari

Ka ɗauki kaushin a matsayin gona mai kunya-kunya. Hanya biyu ce ta baje ta: a rushe tudun, ko a cike kwarin. Wanda ya ce zai rushe tudun gaba ɗaya da sanfefa zai cinye kaurin robar, ya ɓata layukan da aka ƙera ta da su, kuma zafin gugar zai sa ta dame. Wanda kuma ya ce zai cike kwarin kawai zai lafta kaya mai kauri wanda zai tsage tun kafin shekara. Gwanaye suna raba aikin biyu, su sare kan tudun da sanfefa, sauran kuma su cike shi da faraima.

Ana farawa da lamba 180 in kaushin babba ne, ko 240 in ƙanana ne. Kada a sauka zuwa 80 da ake yi wa foti a kan ƙarfe, domin ramin da za ta yi wa roba ya fi kaushin da ake son kawarwa. Da hannu ya fi, a naɗe sanfefar a kan katako mai laushi ko soso mai tauri, domin yatsu kaɗai sukan bar kwari-kwari. In da inji ne, a rage gudu kuma kada a tsaya wuri ɗaya. Daga nan a hau 320, a ƙare da 400 da ruwa, wanda ke kwantar da gashin nan da PP ke tayarwa. Lungunan da katako ba ya shiga a bi su da soson guga mai launin toka. Ba a neman robar ta yi santsi a wannan mataki. Abin da ake nema shi ne a ga kan kowane tudu ya baje, kuma babu inda ya rage yana ƙyalli.

In akwai rami ko tsaga, fotin ƙarfe ba nasa ba ne. Yana bushewa da tauri, ranar da bamba ta ɗan lotsa sai ya faɗo guda. Akwai foti na roba mai talewa, shi ma a kan PP sai an fara fesa sinadarin kamu kafin a shafa shi.

Sinadarin kamu da faraima

Sinadarin kamu ruwa ne garai, kusan ba shi da launi, kuma shi ne gadar da ke tsakanin roba da fenti. Dangin robar ne aka sarrafa da kulorin, saboda haka gefe ɗaya yana riƙe roba, ɗaya gefen yana riƙe abin da aka ɗora. Siriri ake fesa shi, shafi ɗaya ko biyu, kamar raɓa. Wanda ya lafta shi da yawa don ya ƙara ƙarfi ya yi akasin haka, domin shi kansa ba shi da ƙwari, kaurinsa ne zai zama wurin rabuwa. A ba shi minti goma zuwa sha biyar, sannan a ɗora faraima cikin lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani. In an bar shi ya kwana, a sake.

Faraima iri biyu ce a kasuwa, kuma a nan ne aikin la'asar da aikin mako suke rabuwa. Akwai mai bushewa da iska, wadda tina kawai ake zuba mata. Tana da araha, tana bushewa nan da nan, tana gogewa da daɗi. Amma bushewarta ficewar tina ce, kuma tinar ba ta gama fita a rana ɗaya. Makonni bayan an yi fenti tana ci gaba da tsukewa tana faɗawa cikin kwarin, sai mai mota ya wayi gari ya ga kaushin ya dawo a ƙarƙashin ƙyalli kamar tabon agana. Ɗayar kuma mai haɗi biyu ce, wadda ake zuba wa hadina. Ita daskarewa take yi ta hanyar haɗuwar sinadaran biyu, tsukewarta kaɗan ce, kuma tana da kaurin cike rami. Ita ce ta wannan aiki. A auna haɗin da kofin awo yadda kamfani ya faɗa, a ƙara sinadarin talewa in wadda aka saya tana bukatarsa.

A fesa shafi biyu ko uku da bindigar feshi mai faɗin baki, 1.6 zuwa 1.8, ana barin kamar minti goma tsakanin shafi da shafi har ƙyallin ya dushe. Sannan a bar ta ta kwana. Kwana biyu ya fi ɗaya.

Washegari akwai wata dabara da ke raba gwani da ɗan koyo. A ɗan yayyafa baƙin fenti sama-sama a kan faraimar, kamar an barbaɗa toka. In an fara guga da 320 a kan katako, baƙin zai goge daga tudu ya maƙale a kwari. Muddin ana ganin ɗigo-ɗigon baƙi, kaushi yana nan ko da hannu ya ce babu. In guga ta kai ga roba alhali ɗigon bai ƙare ba, a tsaya. A sake fesa sinadarin kamu a inda robar ta leƙo, a ƙara faraima shafi biyu, a sake kwana, a sake yayyafi. Zagaye biyu sirara sun fi zagaye ɗaya mai kauri ƙarko. Ranar da baƙin ya goge tas, sai a bi da 400, a ƙare da 600, ko 800 in kalar mai ƙyalƙyalin azurfa ce, domin ita ba ta rufa wa ƙarzane asiri.

Na taɓa ganin wani dattijon mai fenti yana koya wa yaronsa wannan mataki. Yaron ya ce, “Maigida, ai ta yi.” Dattijon bai ce komai ba, ya ɗebo ruwa ya watsa wa bambar, ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa, ya ce, “Zo ka duba ta nan.” Ruwan ya yi mata ƙyallin da kiliya za ta yi, kuma a cikin ƙyallin ga kaushin nan yana rawa. Yaron ya koma ya ɗauki katakonsa. Abin da ruwa ya nuna shi fenti zai nuna, har ma ya ƙara, domin ƙyalli ba ya rufe aibi, fito da shi yake yi.

Kala, kiliya da yanayin gari

In shimfiɗa ta yi kyau, sauran aikin bai bambanta da na ƙarfe ba sosai. Kala shafi biyu zuwa uku da bindiga mai baki 1.3 ko 1.4, tazarar kamar taƙi guda daga fuskar robar, kowane layi yana hawa rabin na bayansa. Shafin farko ya zama marar nauyi, don kada tina ta ratsa ta tayar da na ƙasa. Sannan kiliya mai hadina shafi biyu, ita ce ke ba da sheƙi kuma take tare hasken rana. Kafin a fesa wa robar, a gwada kalar a kan wani falle a kara shi da jikin motar a rana, domin jikin ya riga ya ɗan koɗe, kuma kala mai azurfa takan kwanta daban a kan roba.

Roba tana da wani hali da ƙarfe ba shi da shi: in an goge ta da busasshen tsumma takan ɗauki wani lantarki da ke jan ƙura, kamar yadda biro da aka goga a gashi ke ɗaukar guntun takarda. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe hazo ya cika gari, abin ya fi tsanani. Masu dabara sukan yayyafa wa ƙasa ruwa, su rufe rumfa da leda, su yi feshi da sassafe kafin iska ta tashi, su kuma goge robar da abin da ke kashe lantarkin. Da damina matsalar ta juya: laima takan sa kiliya ta yi hazo-hazo, ruwa kuma yakan taru a tankin kwamfaresa ya biyo tiyo ya fito tare da fenti. A riƙa zubar da shi kowace safiya. A tsakar rana kuma ba a feshi a fili, domin fentin yana bushewa tun a iska ya sauka da kaushi kamar ɓawon lemo, a koma gidan jiya.

Akwai maganar da ba zan wuce ta ba. Hadinar da ke cikin faraima da kiliya tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata ciwon asma a duniya. Wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ko ɗan kaɗan ya shaƙa ƙirjinsa zai toshe, kuma sau da yawa sana'ar ke nan ta ƙare masa. Hankici ko takunkumin takarda ba sa tare shi. Madarar da ake sha bayan feshi ciki take tafiya, ba ta zuwa huhu. Mafi aminci shi ne takunkumi mai kawo iska daga waje ta tiyo. Wanda bai samu ba, mafi ƙaranci ya sa mai gwangwanin gawayi sabo wanda ya kama fuska, da safar hannu da tabarau, a wuri mai wucewar iska, kuma ya kori yaran da ke tsaye suna kallo. Maigidan da ya sayi bindiga mai tsada ya bar yaransa da tsumma a hanci ya ci amanar iyayen da suka ba shi su.

Inda ya kamata a haƙura

Ba kowace roba ce ta cancanci wannan aiki ba. Matakalar ƙofa, saman bambar baya inda ake jan kaya, da robar bayan a-kori-kura, an yi musu kaushi ne don ƙafa da kaya, kuma fenti mai sheƙi ba zai yi wata guda a kansu ba. Motar da ke bin hanyar ƙauye kullum, tsakuwa na dukan gindinta, ita ma kaushin ya fi yi mata amfani. Irin waɗannan akwai fenti na musamman baƙi marar ƙyalli da ke dawo musu da launi ba tare da an taɓa zanen ba, bayan wanki da sinadarin kamu. Masu bin koɗaɗɗiyar roba da wuta don ta yi baƙi kuwa, man cikinta suke jawowa sama. Takan yi kyau na ɗan lokaci, sannan ta koma ta fi da koɗewa, ta kuma yi gautsi.

Motocin zamani suna da ƙananan idanu a jikin bamba masu auna tazara da sauti in ana ja da baya, wasu kuma suna da na'urar rada a bayan robar. Fenti mai kauri ko foti a kansu yana rikita su. A cire su kafin a fara, a kuma guji lafta kaya a saitinsu.

Mai fenti na gari yakan faɗa wa mai mota duk wannan tun kafin a yi ciniki, ko da zai rasa aikin. Yakan kuma gaya masa cewa araha ba ta ado: kuɗin sinadarin kamu da faraima mai hadina da kwanakin guga su ne bambancin farashin.

In an gama, akwai gwajin da ke kwantar da hankalin kowa. A sami ɓoyayyen wuri a bayan robar inda feshin ya kai, bayan ya yi kwanaki ya daskare. A tsaga shi da reza, layuka a tsaye da a kwance kamar gidan dara, a liƙa salatif mai ƙarfi a danna, a fizge. In salatif ya fito fes, aikin ya kama. In ya taso da ƙananan murabba'ai, gara a sani yanzu da robar tana kan benci. Daga nan sai a mayar da ita da sababbin maƙalai, a roƙi mai motar ya yi wata guda bai sa mata man ƙyalli ba, kuma ya hana masu wanki matso da ruwa mai ƙarfi kusa da bakinta.

Sauran hukuncin na rana ne da ƙura da ruwan sama. Vibe ɗin da aka yi wa aikin mako, in ta ga hunturu ɗaya da bazara ɗaya da damina ɗaya ta dawo gareji canjin mai, mai fentin zai durƙusa kamar yadda ya yi ranar farko, ya shafa bakin tayar da tafin hannu, ya sa farce a gefen bamba ya ɗan ja. In farcen ya zame bai kama komai ba, sai ya miƙe ya koma kan motar da ke jiransa.